Taki a Gindi ko Feshi a Ganye: Wanne Shuka Ta Fi Bukata?

Idan ganyen shuka ya fara yin rawaya, mai gona yakan samu kansa tsakanin shawara biyu. Wani ya ce masa ƙara mata taki a gindi. Wani ya ce a'a, nemi na ruwa ka fesa wa ganyen, kafin mako za ka ga ta farfaɗo. Duka hanyoyin biyu suna aiki, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma wanda bai san yadda saiwa take ci ba zai yi ta zaɓe a makance. Ni dai matsayina a fili yake: saiwa ce ke ciyar da shuka, feshin ganye kuwa magani ne, mai amfani ƙwarai a wasu larurori da aka sani, marar amfani a wasu. Dalilan duk suna cikin yadda aka gina saiwar da ganyen.

Inda saiwa take ci

Ba duk tsawon saiwa ke shan abinci daidai ba. Can a tsininta akwai wata 'yar hula da ke kāre ta, tana fitar da yauƙi don saiwar ta ratsa ƙasa ba tare da ta kuje ba. Bayan hular sai wurin da ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa suna yawaita, sai wurin da suke miƙewa suna tura tsinin gaba, sannan a iso yankin gashi. Kowane sili na gashin saiwa ƙwayar halitta ce guda ɗaya ta fatar saiwar da ta zuro tsawo, kuma ba ya daɗewa: kwanaki ne ko 'yan makonni ya mutu, wani sabo ya fito a gaba. Tsohuwar saiwa mai kauri da ke kusa da kara, wadda ta yi duhu ta taurare, yawancin aikinta ya koma riƙe shuka da miƙa abin da ƙananan suka samo.

Yawan waɗannan ƙananan ya wuce yadda ake tsammani. A 1937 wani masanin tsirrai a Amurka, Howard Dittmer, ya raini tsiro ɗaya tak na wani hatsi dangin alkama a cikin akwati. Bayan wata 4 ya wanke saiwoyinsa ya ƙididdige su, ya samu kusan miliyan 14, tsawonsu idan an jera ya haura kilomita 600, gashin da ke jikinsu kuwa kimanin biliyan 14. Tun daga nan ma an samu darasi na aiki. Wanda ya tara taki a jikin kututturen bishiya ya ajiye shi inda masu ci ba su da yawa, domin ƙananan saiwoyin suna bazuwa ne zuwa ƙarƙashin ƙarshen inuwar rassa, har ma su wuce. Wanda kuma ya zurfafa fartanya dab da gindin shuka yana yanke masu cin da hannunsa.

Sai tambaya ta gaba, wadda ta fi kowace tasiri a kan yadda za a sa taki: ta yaya abincin ke isa wurin saiwa? Stanley Barber na Jami'ar Purdue ya fayyace hanyoyi uku a farkon shekarun 1960. Ko dai saiwa ta ci karo da shi tana girma, wannan kaɗan ne. Ko ruwan da shuka ke zuƙa ya taho da shi. Ko kuma ya riƙa matsowa sannu a hankali daga inda yake da yawa zuwa jikin saiwa inda aka shanye shi. Manyan abincin shuka uku ne: naitirojin, fosfaras da fotashiyam. Naitirojin, idan ya zama naitiret a cikin ƙasa, ruwa yake bi, shi ya sa yake saurin isa, shi ya sa kuma ruwan sama mai yawa ke gangarawa da shi ƙasa da inda saiwa take, musamman a ƙasa mai yashi. Fosfaras akasin haka ne. Yana manne wa ƙwayoyin ƙasa, tafiyarsa ba ta wuce 'yan milimita, don haka saiwa ce za ta je wurinsa. Fotashiyam yana tsakaninsu, amma ya fi kusa da fosfaras a hali. Wannan ne ya sa ake binne mai fosfaras tun lokacin shuka, kimanin santimita 5 a gefen iri da 5 a ƙasa da shi, yuriya kuma, wadda takin naitirojin ce, a raba ta kashi-kashi. Wanda ya watsa fosfaras a saman busasshiyar ƙasa bayan yabanya ta yi girma, yawancinsa zai zauna a inda ya faɗi.

Saiwa ba ta zaman jira kawai. Malcolm Drew ya nuna a 1975, da tsiron sha'ir, cewa idan sashe ɗaya na saiwa ya samu naitirojin ko fosfaras, a daidai wurin take fitar da 'ya'ya masu yawa. Kuma kusan kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirran doron ƙasa suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wasu fangas, ƙananan halittu dangin naman kaza, da ke cikin ƙasa, waɗanda zaruruwansu suka fi gashin saiwa siranta da nisan zango. Su kawo fosfaras da zinki, shuka ta biya su da sukari. Ganye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru.

Shingen da ke tsakiyar saiwa

Idan ruwa mai ɗauke da abinci ya shiga fatar saiwa, sai ya ratsa wani faffaɗan sashe mai taushi kafin ya kai tsakiya inda bututun jigila suke. Hanya biyu gare shi. Yana iya bi ta bangayen ƙwayoyin halitta da ratar da ke tsakaninsu, ba tare da ya shiga cikin kowace ba. Yana kuma iya shiga cikin ƙwaya ɗaya ya riƙa wucewa zuwa ta gaba ta ƙananan ƙofofin da suka haɗa su. Hanyar farko ta fi sauƙi, amma tana da iyaka. A kewayen tsakiyar saiwa akwai jerin ƙwayoyi guda da ake kira endodamis, kowace an ɗaure ta da wata ɗamara ta lignin, sinadarin nan da ke taurara itace. Robert Caspary, Bajamushe, shi ya bayyana ta a 1865, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Ɗamarar ta toshe ratar da ke tsakanin ƙwayoyin, don haka duk abin da zai wuce dole ya ratsa tantanin ƙwaya mai rai, inda ake tantance abin da zai shiga da gwargwadonsa. Tana kuma hana abin da aka riga aka tara a ciki ya zurare baya.

Wannan tantancewa ba kyauta ba ce. Sau da yawa abincin da ke cikin saiwa ya fi wanda ke ruwan ƙasa yawa nesa ba kusa ba, don haka shigar da ƙari sai da ƙarfi. Ƙwayoyin saiwa suna ƙona sukarin da ganye ya aiko, su yi amfani da ƙarfin wajen tura haidirojin waje, bambancin da hakan ya haifar shi ke jawo naitiret da fosfat da fotashiyam ciki ta ƙofofinsu na musamman. Ƙona sukari kuwa sai da iskar oksijin. A nan nake so mai karatu ya tsaya, domin a nan ake yawan asarar taki. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta, ko wadda ta daddale ta toshe, ba ta da iska, saiwar da ke cikinta kuma ba za ta iya ci ba ko da taki ya kewaye ta. Shuka ta yi rawaya, mai ita ya ƙara taki, ruwa ya tafi da shi. Abin da take nema magudana ce, da ƙasa mai sako-sako. Shinkafa ta tsira daga wannan ne saboda tana da hanyoyin iska a cikin kara da saiwa, abin da yawancin shuke-shuke ba su da shi sosai.

Bayan shingen sai zailem, bututu na matattun ƙwayoyi da ke hawa tun daga saiwa har ganye. Babu famfo a cikinsa. Ruwan da ke tururi yana fita ta ganye shi ke jan na ƙasa da shi, kamar yadda Henry Dixon da John Joly suka yi bayani a 1894, kuma sama da kashi 95 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha ta haka yake fita. Zailem sama kawai yake zuwa, kuma ya fi kai kaya ga sashen da ya fi fitar da ruwa. A gefensa akwai fulowem, bututu mai rai, wanda ke ɗaukar sukari daga ganye zuwa duk inda ake bukata, ko toho ne, ko 'ya'ya, ko saiwa. A riƙe wannan bambanci, domin shi ke yanke hukunci a kan yawancin feshi.

Abin da ganye zai iya

An lulluɓe ganye da wani siririn kaki wanda aikinsa hana ruwa ratsawa. Ƙofofin numfashinsa, waɗanda a yawancin tsirrai suka fi yawa a bayan ganye, na iska ne, ɗigon ruwa ba ya shiga cikinsu da sauƙi. Duk da haka wani abu yana ratsawa, kuma an daɗe da sanin haka. A shekarun 1840 Eusèbe Gris a Faransa ya shafa ruwan gishirin ƙarfe a ganyayen da suka koɗe, suka dawo kore. A shekarun 1950 Tukey da Wittwer a Michigan sun bi sawun fosfaras da aka yi wa alamar da na'ura ke iya ganowa daga saman ganye zuwa sauran jikin shuka. Saboda haka babu musu cewa ganye yana sha. Abin tambaya shi ne nawa yake sha, kuma ina abin yake zuwa bayan ya shiga.

Mu yi lissafi. Masarar da za ta ba da tan 5 a hekta tana shan sama da kilo 100 na naitirojin. Yuriya kashi 46 cikin 100 ce naitirojin. Idan aka dama ta kashi 2 cikin 100, wanda ya kusa iyakar abin da ganyaye da yawa ke jurewa ba su ƙone ba, a lita 200 na ruwa, an sa kilo 4 ke nan na yuriya, wato naitirojin bai kai kilo 2 ba. Ko da ganye ya shanye duka, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba, sai an fesa fiye da sau 50 kafin a kai kilo 100. Wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar maye gurbin takin gindi da feshi a manyan abubuwa uku, naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Idan ka ji ana tallata kwalba ɗaya da cewa ta yi daidai da buhu, duba kason da aka rubuta a jikinta ka ninka da nauyin abin da ke ciki. Ana iya cewa abin da aka fesa ya fi shiga jikin shuka da kaso mai yawa, kuma a wasu lokuta gaskiya ne, amma kaso mai yawa na abu kaɗan har yanzu kaɗan ne.

Yanzu a juya lissafin. Wannan masarar dai zinkin da take bukata a hekta bai kai rabin kilo ba a duk rayuwarta. Kilo 1 na gishirin zinki a lita 200 yana ɗauke da sama da giram 200 na zinki. Feshi ɗaya ko biyu ya biya bukata. A nan feshi yake da gaskiyarsa: ƙananan abubuwa irin su zinki, ƙarfe, manganis da boron, waɗanda ake bukata ƙalilan, kuma ƙasa ke yawan kulle su.

Batun kullewar ya cancanci a daɗe a kansa. Yawancin abincin shuka ya fi samuwa idan ma'aunin pH na ƙasa, wato ma'aunin tsaminta, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, yana tsakanin 6 da 7. Duk hawa ɗaya a ma'aunin yana rage narkewar ƙarfe kusan ninki 1,000. Don haka a ƙasa mai farar ƙasa a jikinta, wadda ta kai 8, ƙarfe yana nan jibge amma saiwa ba ta samunsa, kuma gishirin ƙarfen da ka zuba a gindi zai bi sahun na farko cikin ɗan lokaci. Ciyayi da hatsi suna fitar da wasu sinadarai da ke kamo ƙarfen, sauran tsirrai kuma suna ƙara wa ƙasar da ke jikin saiwarsu tsami, amma lemo da inabi da waken soya sukan kasa a irin wannan ƙasa. Feshi yana kewaye matsalar baki ɗaya, ganye ya dawo kore cikin kwanaki. Sai dai ƙarfe ba ya yawo sosai a fulowem. Inda ɗigo ya sauka nan ke yin kore, wani lokaci har ka ga ganyen ya yi ɗige-ɗige, sabon tohon da ya fito bayan feshin kuma ya fito a koɗe. Ga shukar da za a girbe cikin 'yan watanni, feshi biyu ko uku sun wadatar. Ga bishiya, na fi son a koma ta saiwa da ƙarfen da aka naɗe a sinadarin EDDHA, wanda ke jure irin wannan ƙasa. Wanda aka naɗe a EDTA yana sakin ƙarfensa da zarar ƙasa ta haura 6.5 ko makamancin haka, don haka a karanta jikin kwalin.

Akwai kuma lokacin da saiwa ta fara ja da baya shuka kuwa ba ta gama bukata ba. Manoman alkama a ƙasashe da dama suna fesa yuriya wajen lokacin fure don ƙara furotin a ƙwaya, kuma binciken Ismail Cakmak da abokan aikinsa a Turkiyya ya nuna feshin zinki a ƙarshen girma yana ƙara zinkin da ke cikin ƙwayar alkama fiye da yadda sa shi a ƙasa kaɗai ke yi. Nan ma ƙari ne a kan takin gindi, ba madadinsa ba.

Inda aka fi yaudarar mutane shi ne kalsiyam. Gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, a ce ƙarancin kalsiyam ne, kuma haka ne, sai a ce fesa wa ganye. Kalsiyam ta zailem kaɗai yake tafiya, kusan ba ya shiga fulowem. Wanda ya shiga ganye a nan zai zauna har ganyen ya faɗi, ba zai gangara zuwa 'ya'ya ba. 'Ya'yan kuwa ba sa fitar da ruwa sosai, don haka rabonsu daga zailem ƙarami ne tun asali, kuma da zarar ƙasa ta bushe ganyaye sun kwashe ɗan abin da ya hau. A mafi yawan lokuta kalsiyam yana nan a ƙasa, ban-ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau fari gobe ambaliya, ko an cika naitirojin ganye ya yi yawa. Maganin shi ne ruwa a kan kari da rufe gindi da ciyawa don laima ta zauna. Masu gonar tuffa suna fesa kalsiyam kuma yana yi musu aiki, amma a jikin 'ya'yan suke so ya sauka, sau da yawa a kaka guda.

Wannan bambanci na yawo yana taimakawa wajen gane cutar tun kafin a zaɓi magani. Naitirojin, fosfaras, fotashiyam da magniziyam suna yawo, don haka idan sun yi ƙaranci shuka na kwashe su daga tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi, alamar sai ta fara daga ƙasa. Ƙarfe, manganis, kalsiyam da boron ba sa komawa baya da sauƙi, alamarsu a toho take fitowa. Rawaya daga ganyen ƙasa tana hawa sama yawanci kiran takin gindi ne. Sabon ganye fari-fari mai koren jijiyoyi kuwa ya fi kama da ƙarfe, nan feshi ke da wurin shiga.

Kowace hanya da haɗarinta. Takin zamani gishiri ne, idan ya taru dab da saiwa sai ya zuƙo ruwa daga cikinta maimakon ta sha, yabanya ta ƙone. Yuriyar da aka bari a saman ƙasa mai zafi wani kasonta yana tashi iska, shi ya sa ake binne ta ko a bi ta da ruwa. A busasshiyar ƙasa kuwa taki kwance yake har sai ruwa ya zo. Feshi shi ma yana ƙona ganye idan ya yi kauri ko aka yi shi da tsakar rana. Sha yana tsayawa da zarar ɗigon ya bushe, don haka sassafe ko yamma ake yi, lokacin da iska ke da laima. Ruwan sama na iya wanke shi. Ganye mai santsi kamar na albasa da kabeji yana zubar da shi sai an haɗa da abin da ke sa ruwa mannewa. Ƙaramar yabanya kuma ba ta da faɗin ganyen da zai tare shi, yawancinsa a ƙasa yake ƙarewa. Shukar da fari ya kama ma ba ta amfana sosai, ta fi saurin ƙonewa.

Akwai kuma halin da duka biyun ba su ne amsa ba. Idan ƙasa ta yi tsami ƙasa da 5.5, alminiyam yana narkewa ya tsayar da girman tsinin saiwa, saiwoyin su fito gajeru masu kauri, fosfaras kuma ya kulle. Farar ƙasa ta noma ce ke gyara wannan, kuma tana ɗaukar watanni. Takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye suna yin abin da babu feshin da zai yi: suna buɗe ƙasa iska ta shiga, su riƙe ruwa, su riƙe abincin da ruwa zai wanke.

To, yaya za a zaɓa? Idan bukatar naitirojin ce ko fosfaras ko fotashiyam, a bi ta saiwa, fosfaras tun wajen shuka, naitirojin kashi-kashi. Idan zinki ne ko manganis ko ƙarfe a shukar kaka ɗaya, musamman a ƙasar da pH ɗinta ya haura 7, a fesa, a kuma shirya maimaitawa. Boron ma ana fesa shi dab da fure, amma da taka-tsantsan, domin tazarar da ke tsakanin isa da guba a wurinsa ƙanƙanuwa ce. Idan ruwa ya kwanta a gona ya janye, feshin yuriya mai tsarma zai iya riƙe shuka kafin sababbin saiwoyi su fito, amma kada a zuba na gindi sai ƙasa ta sha iska.

Kafin kowane daga ciki, tono shuka ɗaya daga cikin marasa lafiyar, da ƙasarta, ka wanke saiwar a hankali. Lafiyayya fara ce ko ruwan madara, mai ƙwari, mai 'ya'ya da yawa. Wadda ta yi ruwan ƙasa ta yi laushi, fatarta na saɓulewa a hannu, ruɓa ce, ruwa ya yi yawa ko cuta ta shiga. Ƙulle-ƙulle a jikin saiwar tumatir ko kuɓewa alamar tsutsar ƙasa ce da ke toshe hanyar ruwa. Na jikin saiwar wake daban ne, a gefe suke maƙale, idan ka fasa ka ga ja-ja a ciki to ƙwayoyin da ke kamo naitirojin daga iska ne suke aiki, kuma irin wannan shuka ba ta bukatar yuriya mai yawa. Idan saiwar lafiya lau take kuma ka yanke shawarar fesawa, bar kunya biyu ko uku a tsakiyar gona ba feshi. Ranar girbi ka auna abin da suka ba da, ka gwada da na maƙwabtansu, domin ganye yakan yi kore bayan feshi ba tare da amfanin ya ƙaru ba.